Babin da Malam Bai Karanta wa Mama Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Aminci ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Mai girma wakilin Shugaban Jami'a, Shugaban Tsangaya, Shugaban Sashenmu na Nazarin Addinai, da abokan aikina malamai. Babban likitan asibitin koyarwa da ma'aikatan jinya da suka baro aiki suka zo. Limamai da fastoci da nake hangowa a jere ɗaya. Tsofaffin ɗaliban Malam na sakandare, waɗanda wasunmu furfura ta riga ta kama. Ɗalibanmu masu neman digirin digirgir, abokan karatunsa. Sannan Mama, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa da ƙannensa da jikokinsa: ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi mana ta'aziyya gaba ɗaya, domin rashin namu ne duka.

An zaɓe ni in yi magana a madadin sashe saboda ni ce mai duba kundin Malam. A takarda ni ce malamarsa. Amma waɗanda suka san mu sun san takarda ba ta faɗi komai ba. Tun ina yarinya mai ɗaurin kallabi a karkace, Malam ne ya koya mini darasin addini a sakandare. Shi ne ya taɓa fitar da ni daga aji saboda surutu, shi ne kuma ya je har gidanmu ya ce wa mahaifina kada a kuskura a cire yarinyar nan daga makaranta. Shekaru suka shuɗe, na zama abin da na zama. Wata safiya aka ƙwanƙwasa ofishina, na ce a shigo, sai ga Malam da jakarsa a hammata, ya yi ritaya, gemu ya yi fari fat. Na miƙe zumbur. Ya ce in zauna, shi ɗalibi ne, ya zo neman gurbin digiri na uku, kuma an ce masa ni za a ba shi.

Na ce, "Malam, ni zan duba aikinka?"

Ya ce, "Ke fa, Malama. Kuma idan na yi surutu ki fitar da ni."

Daga ranar bai sake kira na da wani suna ba sai Malama, ni ma ban iya kiran sa komai ba sai Malam. Sakatariyar sashe takan ce idan muna magana ba ta gane wanda ke karantar da wani.

Ya kasance malamin makaranta tun kafin a haifi mafi yawan waɗanda ke zaune a ɗakin nan. Ya kasance mutumin da idan yara biyu suka yi faɗa ba ya yanke hukunci sai kowannensu ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa, har ɗayan ya yarda cewa haka ya ce. Ya kasance cikin masu kai ziyara asibiti don Allah, ba albashi ba lambar yabo, yana zagaya gadaje yana tambayar wanda ba shi da mai jinya. Ya kasance ɗalibin da ya fi kowa tsufa a ajinmu kuma ya fi kowa zuwa da wuri. Yaran suka sa masa Baba Ɗalibi. Su suke gyara masa kwamfuta idan rubutu ya ɓace, shi kuma yana gyara musu aure da zumunci a bakin matakala. Ba mu taɓa jin ya ce ya girmi kujerar aji ba, sai dai gwiwarsa da ke faɗar haka duk lokacin da zai tashi.

Abin da ya zo nema ya fito ne daga waccan ziyarar ta asibiti. Ya lura a ɗakin marasa lafiya guda ɗaya za ka tarar da masu jinya na addinai dabam-dabam, gado kusa da gado, ba abin da ya raba su sai labule. Wannan tana addu'arta, waccan tana tata, kowace tana jin 'yar'uwarta. Yana son ya san abin da mutum ke cewa Ubangijinsa a wannan wurin, lokacin da likita ya gama nasa, da kuma yadda maƙwabcin gado ke karɓar addu'ar da ba tasa ba. Littattafai sun faɗi abin da ya kamata a ce. Shi kuwa abin da ake cewa da gaske yake nema. Ya ɗauki rikodarsa, ya sami izinin asibiti, ya zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya a kan bencin baranda.

Nan ne muka fara samun saɓani da shi, kuma abin da na tsaya nan in ba ku labari ke nan. Malam yana da wata ƙa'ida da ba jami'a ce ta ɗora masa ba. Jami'a ta ce a nemi yardar mutum kafin a yi hira da shi, a kuma ɓoye sunansa, shi ke nan. Malam ya ƙara tasa: duk maganar da ya rubuta daga bakin wani, ba za ta shiga kundi ba sai ya koma wurin mai ita ya karanta masa layi-layi, mai ita ya ce haka ne. Yakan ce maganar da mutum ya yi yana tsaye a kan mara lafiyarsa amana ce, ba kayan bincike ba.

Jama'a, kun san abin da wannan ke nufi? Masu jinya ba mazauna asibiti ba ne. An sallame su, sun watse, wasu sun canja gida, wasu lambar wayarsu ta daina shiga. Malam ya bi su. Akwai wani dattijo da ya koma wurin ɗansa a wani gari mai nisa. Malam ya shiga motar haya da ciwon gwiwarsa ya je, saboda sakin layi ɗaya. Ya karanta masa. Dattijon ya saurara, ya ce haka ne, sannan ya dube shi da mamaki ya tambaye shi ko iya abin da ya kawo shi ke nan. Malam ya ce shi ke nan, ya sha ruwa ya juyo. Akwai kuma wata baiwar Allah mai wankin kaya da ta roƙe shi ya sake karanta mata nata daga farko. Ya ɗauka kuskure ta ji. Ta ce a'a, ita dai tunda take ba ta taɓa jin maganarta a bakin wani ba tare da an rage ba.

Ni kuwa ina ofis ina kallon kalanda. Abokan shigarsa suka kare kundinsu suka tafi. Waɗanda suka zo bayansa ma suka wuce. Jami'a tana da iyakar shekarun da take ba ɗalibi, idan ya wuce sai a soke sunansa, aikin ya tashi a banza. Na yi faɗa, na yi lallashi, na nemo masa ƙarin lokaci har na fara jin kunyar shiga ofishin Shugaban Tsangaya, ga shi nan zaune, shaida ne. Malam yakan saurare ni har in gama, ya ce, "Gaskiyarki, Malama," ya fita ya ci gaba da abin da yake yi. Ban taɓa ganin mai taurin kai cikin ladabi irinsa ba.

Duk da haka aikin ya zo ƙarshe. Babi-babi ya kawo, na duba, na sa alama. Ya rage babi na ƙarshe, wanda ke magana a kan waɗanda jinyarsu ta ƙare da rasuwa. Shi ma ya rubuta shi tsaf. Kowa a cikinsa an karanta masa ya yarda, sai mutum ɗaya. Kuma wannan mutum ba a wani gari mai nisa take ba. A gida ɗaya suke kwana suna tashi.

Mama, kin ba ni izini in faɗi wannan a gaban jama'a, har kin ce idan ban faɗa ba ke za ki tashi ki faɗa. To zan faɗa, ki gyara mini idan na kauce.

Da yawa a nan ba su san cewa Malam da Mama sun rasa ɗansu na fari ba, tun da daɗewa, yana saurayi, a wannan asibitin dai. Mama ce ta yi jinyarsa. Wata rana da yamma ta tarar da Malam a falo yana sauraron hirarrakinsa, sai ta ce masa yana ta yawo yana tambayar matan mutane, ga ta a gida bai taɓa tambayar ta ba. Ya kawo mini maganar. Na ce ƙa'idar bincike ba ta yarda mutum ya yi hira da iyalinsa ba. Idan Mama tana so, wata ɗalibarmu za ta je ta yi, shi kuma ya karɓi rikodar daga baya kamar ta kowa. Haka aka yi. Ɗalibar tana nan a cikinmu.

Malam ya saurari muryar matarsa tana ba da labarin ranar da yaronsu ya cika. Ta faɗi yadda rana ke shigowa ta taga, yadda ƙarin ruwan ya daina ɗiga, yadda bakinta ya mutu ta kasa haɗa ko kalma ɗaya ta addu'a, ita da ta haddace su tun ƙuruciya. Ta faɗi wata mata da ke jinyar mijinta a gadon kusa, ba addininsu ɗaya ba, wadda ta zo ta riƙe mata hannu ba ta ce komai ba. Ta yi magana mai tsawo. Daga farko har ƙarshe ba ta ambaci mijinta ba ko sau ɗaya.

Mu masu bincike an horar da mu a kan abu guda: ka rubuta abin da ka ji, kada ka ƙara abin da ba a faɗa ba. Malam ya bi horon. Ya rubuta labarin yadda ya zo, ya rufe shi da jimla ɗaya tasa: "Wannan uwa ta kasance ita kaɗai a lokacin, babu kowa nata a tare da ita." Ya kawo mini. Na ce babin ya yi kyau ƙwarai, ya je ya karanta wa Mama in sa hannu. Ya ce to.

Wata ya wuce, wani ya biyo. Idan na tambaya sai ya ce Mama ba ta jin daɗi, ko baƙi sun zo, ko yana son ya sake duba waƙafi. Mutumin da ya yi tafiyar yini saboda sakin layi ɗaya ya kasa tsallaka falo. A gida kuwa 'ya'ya suka fara zargin jami'a ce ke ja masa rai. Babbar 'yarsa, ga ta nan kusa da Mama, ta same ni a ofis ranta a ɓace, ta ce, "Farfesa, don Allah me Baba ya yi miki?" Ban ga laifinta ba. Da ni ce ita, da abin da zan faɗa ya fi haka zafi.

A ranar na kira Malam na rufe ƙofa, na ce yau ba Malama ba ce ke tambaya, yarinyar nan ce mai surutu. Ya cire hularsa ya ɗora a kan gwiwa. Sannan ya gaya mini cewa ranar da yaron zai rasu shi ma yana asibitin. Ya zo har bakin gadon, labule a ja, ya ji numfashin ɗansa, ƙafafunsa suka ƙi shiga. Shi da ke zagaya gadajen 'ya'yan mutane, ya tsaya a bayan labule har komai ya ƙare. Tun daga nan ba su taɓa tayar da maganar ba shi da Mama. Yanzu ya ji ta ba da labarin duka ba ta sa shi a ciki ba, ya fahimci hukuncin da ta yanke masa tun tuni, kuma yana ganin ta yi daidai.

Ya ce, "Idan na karanta mata wannan jimlar ta ce haka ne, Malama, ban san yadda zan ci gaba da zama a gidan ba."

Na ce to a cire jimlar. Ya ce ba za a cire gaskiya don ta yi wa mai rubutu ɗaci ba. Na ce to a miƙa kundin haka nan, ai jami'a ba ta buƙaci a karanta wa kowa ba. Ya dube ni irin kallon da yake mini ina 'yar sakandare, na janye maganar.

Sauran kun san shi. Ciwo ya zo masa ba da daɗewa ba, aka kwantar da shi a asibitin da ya san kowane lungu nasa. Ma'aikatan jinyar da ke nan sun ga yadda mutanen da ya taɓa karanta wa maganarsu suka riƙa zuwa, kowa da irin addu'arsa, har sai da aka riƙa shigar da su kaɗan-kaɗan. Da na je duba shi, ya jira Mama ta fita, ya ce kada in sa hannu sai an karanta mata. Na ce shi zai tashi ya karanta da bakinsa. Ya yi murmushi kawai. Bai tashi ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Sai aka bar ni da kundi a aljihun tebur, wa'adin jami'a yana ƙaratowa, da wasiyyar da ba ni da ikon tsallakewa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Idan Mama ta ce haka ne, to na ɗauki ciwon da ya kwanta na kai mata har ɗaki. Idan kuma ban je ba, aikin shekaru ya mutu tare da mai shi. Na jira sai da gidan ya lafa da masu gaisuwa, na kira babbar 'yarsa na gaya mata komai. Ta yi kuka, ta ba ni haƙuri a kan maganar ofis, ta ce in zo ranar da na shirya.

Na je da hantsi. Mama tana zaune a kan tabarma a falo, kujerar Malam tana gefe da tabaransa a kan hannunta, ba wanda ya taɓa. Na zauna a ƙasa na fara karantawa layi-layi yadda yake yi. Rana a taga, ta ce haka ne. Ƙarin ruwan, haka ne. Matar gadon kusa, ta ce haka ne, Allah Ya saka mata duk inda take. Na iso jimlar ƙarshe, na karanta.

Mama ta ɗago. Ta ce, "Wa ya ce ni kaɗai ce?"

Na ce Malam ne ya rubuta, domin a rikodar ba ta ambaci kowa nata ba. Ta ce ai yarinyar da aka turo ba ta tambaye ta shi ba, kuma an ce mata shi ne zai saurara, to me za ta gaya wa mutum a kan abin da yana wurin aka yi?

Ta ce, "Labulen nan bai kai ƙasa ba. Ina ganin ƙafafunsa. Takalmin makarantarsa ne, duk ƙurar alli. Ni bakina ya mutu, shi kuwa ina jin sa ƙasa-ƙasa yana addu'a, bai tsaya ba har yaron ya cika. Duk abin da na iya a ranar amin ne, kuma addu'arsa nake amsawa. Da ya shigo ya ga fuskar yaron, da shi ma ya kasa, da ba mai yi mana."

Ta dubi kujerar. Ta ce, "Ni na ɗauka ya sani."

Jama'a, ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Na yi shekaru ina karantar da addinai, ban san kalmar da zan ba Mama a lokacin ba, ban kuma san ta yanzu ba. Mun zauna mu uku, ni da Mama da babbar 'yarsu, muka yi kuka. Daga baya Mama ta share ido ta ce in ɗauko biro, ai ƙa'idar Malam ita ce mai magana ta gyara. Na soke jimlarsa, na rubuta tata yadda ta faɗa, na sake karanta mata. Ta ce yanzu haka ne. Washegari na sa hannu na miƙa kundin, kafin wa'adi ya cika. Ko jami'a za ta ba shi digirin bayan rai, wannan hukuncin majalisarta ne, ban zo da alkawarin kowa ba. Abin da na sani shi ne babu layi ɗaya a cikin kundin nan da mai shi bai ji ba.

Mama, kada ki ɗora wa kanki cewa ba ki faɗa masa ba. Shi ya bar miki hanyar da za ki faɗa. Da ya yarda da shawarata aka miƙa aikin a ɓoye, da waccan jimlar ce za ta zauna a ɗakin karatu har abada, jikokinki su zo su karanta ta. Taurin kansa ne ya hana. Ku kuma 'ya'yansa, kun yi ta jiran ranar da za ku ga Baba cikin rigar digiri ku ɗauki hoto. Ba ku samu ba, kuma na san da ciwo. Amma ku riƙe wannan: mahaifinku ya gwammace ya rasa digiri da ya sa wa mahaifiyarku magana a baki. Ku kula da ita. Ku riƙa tambayar ta, ku ma ku riƙa faɗa mata, kada ku ɗauka an sani.

Ku kuma ɗalibanmu, abokan Baba Ɗalibi, ba zan ce ku bi mutane har garuruwansu ba, don ba ni da sauran fuskar neman ƙarin lokaci. Amma idan wani ya yi shiru a rikodarku, ku koma ku tambaye shi kafin ku rubuta abin da shirun ke nufi.

A madadin sashe, ina godiya ga hukumar jami'a da ta ba mu wannan ɗakin, ga asibitin da ya buɗe wa Malam ƙofa yana mai bincike ya kuma riƙe shi yana mara lafiya, ga duk wanda ya bar sana'arsa ya zo, da kuma iyalin da suka ba mu aron mahaifinsu shekarun da ya kamata ya huta a gida.

Yanzu zan yi addu'a. Wanda bakinsa zai iya, ya yi tare da ni. Wanda ya kasa, ya yi abin da Mama ta yi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, malaminmu kuma ɗalibinmu. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa abin da ya koyar da abin da ya rubuta su zama haske a gare shi. Ka ba Mama da 'ya'yansa haƙuri mai kyau. Ka haɗa shi da ɗansa a gidan da babu labule tsakaninsu. Kuma ya Allah, abin da bai samu ji ba a duniya, Ka sanar da shi: an ga ƙafafunsa, an ji addu'arsa, an kuma amsa masa.

Amin.